Hutun da Muka Hau Gamjin Sama

"Direba? Direban mota? Wallahi gara ki auri mai jaki, shi ko ba komai an san inda yake kwana."

Gwaggo Balaraba ke nan, yayar mahaifina, tana zaune a tsakar gidanmu tana goga goro a magogi, ranar da maganar Labaran ta fito fili. Ni kuwa ina bakin murhu ina tuƙa tuwo, na yi kamar ba da ni ake ba. A zuciyata na ce, gama faɗanki Gwaggo, da bakin nan naki za ki sa albarka.

Masu karatu, bari ku san mai ba ku labari. Sunana Safara'u, 'yar Malam Shitu ta cikin garin Bebeji. Abin nan ya faru ne shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, ina da shekara goma sha tara. A wancan zamanin budurwa mai waɗannan shekarun a gidan ubanta abin nuni ce da baki. Dalilina kuwa boko ne. Ina ƙarama aka ce kowace unguwa ta ba da yarinya a kai makarantar kwana a birni, ƙuri'a ta faɗo kaina, aka yi ta kuka a gidanmu kamar an fita da gawa. Da na gama na dawo, aka ba ni ajin 'yan mata a elimantare ta garinmu. Ina son aikin nan kamar raina. Ku riƙe wannan.

Shi kuwa Labaran yana da kitika, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, koriya, yana jigilar kaya daga Kano zuwa wajen masu haƙar kuza a Riruwai. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ba ya magana sai ya auna ta. Ku 'yan yanzu kuna tura wa juna saƙo a waya, mu namu saƙon hon ne. In ya biyo ta bayan makaranta ya danna a gajarce, ya iso lafiya ke nan. In ya ja shi dogo, to yau akwai zance bayan la'asar. Har 'yan ajina suka gane. Da an ji dogon hon sai su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, ni kuma in ɗaure fuska in buga allo in ce, "Ba da wasali bisa?" su ce "Ba!" alhali zuciyata ta riga ta tsallake taga.

Baba bai ƙi shi ba. Cewa ya yi, "Yaron yana salla, yana gaida mutane. Amma ba a ba da 'ya ga wanda ba a san tushensa ba. Ya ce shi mutumin Gamjin Sama ne, can gaba da Doguwa, a kan dutse. Wa ya taɓa zuwa?"

"Mutanen dutse!" in ji Gwaggo. "Wa ya sani ma ko har yanzu tsafi suke yi."

Sai Baba ya ce tunda Yaya Mudi, wana, malamin gona ne a En'e kuma ya samu hutun ƙaramar salla, ya bi Labaran ya gano.

Gwaggo ta tafa hannu. "Mudi? Mudin da in aka ba shi tuwo da man shanu zai dawo ya ce sharifai ne? Ni zan je da ƙafata."

Matar da ba ta taɓa shiga mota ba, ita ce za ta yi wannan tafiya. Nan na ga ƙofa. Na samu Baba bayan ya ci abinci, na durƙusa na ce tunda mu ma makaranta na hutu, a rage mini hanya zuwa Tudun Wada wajen Inna Luba, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta daɗe tana aike in je. Ya dube ni ta ƙasan ido, don Baba ba yaro ba ne, ya ce, "Tudun Wada fa. Daga nan kada ki ƙara taku ɗaya."

"To, Baba."

Ban yi ƙarya ba. A lokacin ban san yadda zan yi in wuce ba, na dai san zan wuce.

Ranar tafiya na ci ado kamar mai zuwa biki. Lallen sallata bai goge ba, ja wur har idon sawu. Na ɗaura atamfata mai ganyen rogo, shuɗi da ruwan ƙwai, zane biyu, na kafa ɗaurin ɗankwali mai tsini irin na 'yan birni, na zizara kwalli, na yafa farin gyale mai bakin zare. Awarwaro huɗu a hannun hagu, turare a bayan kunne. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kam ko gidan sarki za ki." Ita kuwa baƙin saƙi ta ɗaura ta yafa wani, ta rataya layunta a wuya, ta rungume ƙwaryar dambu kamar za a ƙwace.

Yaya Mudi ya haye baya kan buhunan gishiri. Ni da Gwaggo aka ba mu gaba, ta shige tsakiya ta zauna tsakanina da Labaran kamar katanga. Ya zagaya gaban motar ya murɗa ƙarfen tayarwa, inji ya kama da wata irin girgiza, Gwaggo ta damƙe cinyata ta fara salati. Sai da farcenta ya yi mini shaida.

"Gwaggo, a hankali za mu tafi," in ji Labaran.

"Ni ba gwaggonka ba ce. Ka dubi gabanka."

Muka fita ta ƙofar gari da sanyin safiya. An yi ruwan shuka kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi duhu tana ƙamshi, ko'ina mutane ne a sunkuye, namiji na sara da sungumi, mata da yara na bi suna zuba iri. Muka wuce garin Ƙofa, muka tarar da mutanen Kiru da jakunansu za su kasuwa, jakunan suka watse cikin gona da jin ƙarar mota, masu su na ɗaga mana sanda. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora Gwaggo ta amayar da kokon safe kaf. Na riƙe mata kai, na wanke mata fuska, na yanka mata lemon tsami ta tsotsa. Labaran kuwa ya rage gudu har mai keke ya wuce mu yana waiwaye. Duk sanda na ɗaga ido sai mu haɗa ido a ɗan madubin nan na sama. Katangar Gwaggo ba ta kai nan ba.

Da azahar muka shiga Tudun Wada. Inna Luba ta yi ta guɗa, aka yanka mana zabi. Da rana ta yi sanyi Yaya Mudi ya ce mu zaga gari, hutu muka zo ba jinya ba. Muka bi gindin tsohuwar ganuwa, wani wuri ta zube ta zama tudu awaki na hawa, wani wuri tana nan tsaye da kaurinta. Wani dattijo mai saƙar tabarma a bakin ƙofa ya nuna mana kudu da haɓa, inda duwatsu suka yi shuɗi-shuɗi kamar hadari, ya ce daga can mahara ke ɓullowa a zamanin iyayensa, shi ya sa aka yi wa garin wannan ɗamara. Na tsaya ina kallon duwatsun nan. Ashe a cikinsu aka haifi mutumin da nake so. Sai na ji ko da jan ciki ne sai na je.

Ban sha wahala ba. Da safe Labaran ya tayar da mota, na fito da gyalena na durƙusa na ce, "Gwaggo, Allah ya kiyaye hanya, sai kun dawo."

Ta zaro ido. "Sai mun dawo? Wa zai riƙe mini kai? Mudi ko direba?"

"Ai Baba ya ce kada in wuce nan."

"Shitu ƙanena ne, ni na goye shi. Ɗauko kayanki."

Na shiga ɗaki ina jan ƙafa kamar an tilasta ni. Kayan kuwa tun asuba suke a ɗaure.

Daga Tudun Wada sai dajin Falgore. Bishiyoyi suka haɗe sama, hanya ta zama 'yar siririya, ja, ba gida ba gona. Zabin daji na tsallakawa, wata gada ta gifta kamar walƙiya. Can sai Yaya Mudi ya buga rufin mota daga baya yana ihu, "Kai, ku duba! Ga gwaggon biri! Har da 'ya'yanta!"

Suna zaune a kan wani falalen dutse, manya-manya, suna kallonmu. Gwaggo ta leƙa ta taga ta waiwaya baya. "Mudi, da wa kake?"

"Wallahi Gwaggo sunansu ke nan."

"Za ka ci ubanka in mun sauka."

Labaran ya cije leɓe har jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kam na cusa gyale a baki, hawaye na zuba.

Dariyar ta ƙare a bakin kogi. Ruwan da aka yi a kan duwatsu ya sauko, mashigin da aka saba bi a kan yashi ya cika, ruwa ja yana tafe da karare. Labaran ya naɗe wando ya shiga da sanda yana gwadawa, ya kai masa cinya. Ya dawo ya ce motar za ta iya, amma ba da mu a ciki ba.

"Ba inda zan sauka," in ji Gwaggo. "In mutuwa ce ta same ni a zaune."

Ya durƙusa a gefen ƙofa. "Gwaggo, mota ƙarfe ce, in ruwa ya tafi da ita a kanti ake sayar da wata. Ke kuwa in na rasa ki, me zan je in ce wa Malam?"

Ta ƙura masa ido. Wannan karon ba ta ce ita ba gwaggonsa ba ce.

Allah ya kawo wani Bafillace, Dikko, yana shirin ƙetarewa da shanunsa. Ya ce mana "Jaɓɓama," ya ji damuwarmu, ya jawo takarkarinsa. Masu karatu, da idona na ga Gwaggo Balaraba a kan sa, ta rungume tozo, layu na lilo, tana kiran sunan duk waliyyin da ta sani. Ni na tattare zanena na riƙe wutsiyar wata saniya na bi, ruwa har ƙugu, atamfar da na ci ado da ita ta manne mini. Sannan Labaran ya shigo da kitika a guje, ruwa ya tashi gefe biyu kamar fuka-fuki, ta yi tari a tsakiya, Yaya Mudi da Dikko suka sa kafaɗa, ta fito tana hayaƙi. Gwaggo da kanta ta kwance ƙwarya ta ba Dikko dambu.

A Doguwa muka sha fura da nono a gindin wata tsamiya, muka shanya kaya. Daga nan hanya ta fara hawa. Muka ratsa Riruwai, garin da ban taɓa ganin irinsa ba: ramuka, jan ƙasa tsibi-tsibi, mata a jere da kwanuka a ka suna kai ƙasar kuza wajen wanki, kowa da yarensa. Labaran ya sauke gishirinsa, muka ci gaba har inda hanya ta ƙare a wani ƙauye a gindin dutse. Nan ne Gamjin Ƙasa. Iyayen Labaran sun rasu tun yana yaro, ƙanen mahaifinsa ne, Kawu Adamu, ya tarbe mu. Aka gaisa, aka sha ruwa, ya ce tun da Turawa suka zo hari ya ƙare mutane suka yi ta saukowa kusa da gonaki. Tsohon garin yana sama, kuma Iya Asibi, mahaifiyarsa, kakar Labaran wadda ta raine shi, tana can.

Na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame. Na ce Gwaggo ba za ta iya ba. Ita kuwa ta yi ɗamara da mayafinta ta karɓi sanda. "Na hau sa, dutse ne zai gagare ni?"

Hanyar ta bi tsakanin manyan duwatsu, wani wuri sai mutum ya yi gefe zai wuce. Muna hutawa muna ci gaba, Labaran na bayan Gwaggo da hannu a shirye, bai taɓa ta ba, bai kuma yi nisa da ita ba. Sai ga ganuwa, ba ta ƙasa ba irin tamu, ta duwatsu ce aka jera ɗaya kan ɗaya ba laka, ta fi tsayin mutum, da 'yar ƙofa wadda sai ka sunkuya. Muna shiga iska ta buge mu, mai sanyi, kamar an buɗe randa.

Wayyo, Gamjin Sama! Fili ne shimfiɗe a kan dutse, gamji da kuka manya-manya, kufan gidaje ko'ina, da'irar duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa. Ga duwatsun niƙa birjik, kowanne ya yi rami saboda daɗewa. Ga tsofaffin karofin rini, bakinsu har yanzu da shuɗi. Gidajen da ke da hayaƙi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, duk tsofaffi ne. Da na juya baya kuwa, ƙasar da muka ratso tana shimfiɗe kamar tabarma, dajin ya zama kore ɗaya, kogin da ya kusa cinye mu ya koma kamar zare.

Iya Asibi 'yar ƙarama ce, ta rankwafa, amma idonta kamar na shaho. Ta rungume Labaran ta shinshina kansa ta ce yana warin mai. Ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama ta ce, "Uhm." Sannan ta kama hannun Gwaggo kamar sun san juna tun fil azal, ta ce, "Kin zo ganin asali ko? Zo ki gani."

Ta kai mu masallacin garin, rufinsa ya tafi amma bangon dutse da alƙibla suna nan, an share tas. Ta nuna kabarin kakan mijinta wanda ya fara limanci a nan, da na ɗansa, da na mijinta Malam, a jere. Ta kai mu wani kogo mai faɗi, rufinsa baƙi ƙirin da hayaƙi, ta ce nan ake ɓoye mata da yara in Ningawa suka kawo hari. Tana ƙarama ta kwana a ciki, uwarta ta toshe mata baki da zane, maza na mirgino duwatsu a kan mahara daga ganuwa.

"Ba a taɓa cin garin nan ba," in ji ta. "Zaman lafiya ne ya cinye shi."

Gwaggo ta zauna a bakin kogon, jikinta ya yi sanyi. Ta ce ita ma uwarta ta sha ba ta labarin shekarar da Ningawa suka kama ƙanin kakanmu a gona, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tsofaffin nan biyu suka raba goro ɗaya suna share ido. Can Gwaggo ta ɗago ta ce, "Mudi, in mun koma ka gaya wa ubanka na ga asali. Limamai ne. Na sa albarka."

Na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Na ce shi ke nan, na ci gari.

Sai Kawu Adamu ya ce, cikin murna, "To tunda haka ne, ku zo ku ga ɗakin amarya."

A gefen ɗakin Iya yake. Sabo fil, jinka sabuwa, an yi daɓe yana sheƙi, an shafe bango da farar ƙasa, har da gadon ƙarfe wanda ban san yadda aka hau da shi ba. Kawu Adamu na ta bayani. Wai tun da Iya ta faɗi a bakin marmaro bara, dangi suka zauna. Matansu duk sun ƙi zaman sama. Labaran ya ɗauki alkawari in ya yi aure matarsa ce za ta zauna da Iya, shi kuma ya riƙa hawowa in ya kawo kaya Riruwai.

Na ji kamar an watsa mini ruwan kogin nan a baya. Na dubi Labaran. Ƙasa yake kallo.

Na ce, "Yaya, ina son ruwa. A nuna mini marmaron." Yaya Mudi ya gane, ya ce Labaran ya raka mu, shi kuma ya tsaya daga nesa yana duban wata bishiya kamar bai taɓa ganin ganye ba.

"Tun yaushe aka gina shi?" na tambaya.

"Tun kaka."

"Tun kaka kake zuwa zance ƙofar gidanmu. Bakinka ciwo yake?"

"Malama, na so ki fara ganin wurin. Na san in na faɗa a ƙasa ba za ki hau ba."

"Ashe ka san ba zan so ba. Ajina fa? Yarana fa?"

"Na ɗauka in an yi aure..."

"Ka ɗauka."

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ita ta tauna ta ba ni, Safara'u. In ta sake faɗuwa ba kowa kusa, da wane ido zan dubi Allah?"

Ranar ya fara kiran sunana, kuma gaskiya ya taɓa ni. Da a ƙofar gidanmu ya faɗa mini wannan maganar, da mun zauna mun nemi mafita tare. Amma ya gina ɗaki ya sa gado ya gama shirya rayuwata, ni ce ta ƙarshen ji. Na ce, "Jin ƙan kakarka ba laifi ba ne. Ɓoye mini ne laifi. Mu koma."

Na tarar da su zaune a inuwar gamji. Na cire takalmi na durƙusa, gwiwa biyu, na ce, "Iya, Kawu, Gwaggo, ku gafarce ni, yarinya ba ta magana a gaban manya. Amma gara in faɗa yau da in faɗa bayan an shafa fatiha. Ni ba a gaya mini zancen ɗakin nan ba. Ina da aikin koyarwa a Bebeji, ba zan bar shi ba. In sharaɗin auren ke nan, ban amsa ba."

Gwaggo ta miƙe kamar an tsikare ta. "Ke! Ke da kika hana mu barci a kan yaron nan? Na yi amai, na hau sa, na hau dutse, yanzu ki ce me? Gidan limamai guda! Allon naki zai binne ki ne?"

Ku ji fa. Matar da ta ce gara mai jaki.

Ban tashi daga durƙuson ba. Kawu Adamu ya ɓata rai yana gyaran murya. Sai muka ji wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Iya Asibi ce, har tana buga sanda a ƙasa.

"Adamu," ta ce, "ɗakin nan dama don ni aka yi shi? Ni ce muku na yi ina neman mai jinya? Na zaci yaron ne ke son zaman sama."

"Iya, ai ke kika ce ba za ki bar kabarin Malam ba."

"Na faɗa, shekarar da aka binne shi. Tun daga nan wa ya sake tambayata?"

Kawu Adamu ya sunkuyar da kai.

"Malam yana inda ba ya bukatar in share masa ƙofa," in ji ta. "Gwiwata ta ƙare, ƙawayena sun ƙare. Kullum ina zaune a kan ganuwa ina hango motar yaron nan a ƙasa kamar buzuzu, ta zo ta koma, ko sau ɗaya bai ce Iya zo ki ɗana ba. An ce akwai jirgi mai tafiya a kan ƙarfe. An ce a Kano akwai kasuwar da mutum ke ɓacewa a ciki. Ni zan mutu ban gani ba don kuna jin kunyar tambayata? Na yi shiru ne kada a ce tsohuwa ta guji mijinta." Ta nuna ni da sanda. "Wannan da ta zo yau ta fi ku baki. Ku ɗaure mini kayana."

"Iya, wa zai riƙe ki a can?" in ji Kawu Adamu.

"Ni!" Gwaggo ta dafa ƙirji. "Ɗakina ya ishe mu. Wa ya fi ni bukatar abokiyar hira?"

Washegari da hantsi muka sauko. Kayan Iya ƙullin zane ɗaya ne, da tasbaha, da wata kaza da ta ce ba za ta bar wa Adamu ba. Ta tsaya a kan kaburburan nan ita kaɗai ta daɗe, ba wanda ya matsa. Sannan Labaran ya durƙusa ta hau bayansa, ya goyo ta har gindin dutse, tana ta yi masa faɗa wai yana girgiza ta. Ina biye da su da kaza a hammata. Ina kallon gumin da ke bin wuyansa, zuciyata na cewa yafe masa mana, ni kuma ina ce mata ki yi mini shiru tukuna.

A wajen mota, sanda ake gyara wa tsofaffi wurin zama, ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Malama, yanzu fa?"

"Iya na karɓa hannu biyu," na ce. "Kai kuwa ka koma farko. Ka zo ƙofar gidanmu kamar ba ka taɓa zuwa ba, ka faɗi duk abin da ke cikinka, har wanda kake tsoron zan ƙi. In na ji, sai in ga ko zan fito."

Ashe kunnen Iya ya fi idonta kaifi. Ta leƙo ta taga. "Ka ji ta. Kuma kada ka ga kamar kai kaɗai ne. Ina da wani jikan a Doguwa, malamin asibiti, ya fi ka hasken fata, bai taɓa gina wa kowa ɗaki a ɓoye ba."

Muka kwashe da dariya har da Gwaggo. Na matsa na zauna a bakin ƙofa, mu mata uku da direba a gaba kamar kifi a kwando, mota ta tashi, Iya na ta kabbara tana cewa a ƙara wuta. Ni duk na ɗauka zolaya ce irin ta kaka da jika.

Sai da muka shigo Doguwa, daidai tsamiyar da muka sha fura, na ga wani saurayi cikin fararen kaya ya jingine keke yana gyara hula. Iya ta miƙe wuya.

"Ga shi can! Tsaya!"

Labaran ya yi kamar bai ji ba, ƙafarsa ma sai ta ƙara nauyi a kan totur. Iya ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa masa gwiwa.

"Na ce ka tsaya."

Ya taka birki. Saurayin ya juyo, ya hango Iya, ya saki baki, sannan idonsa ya sauka a kaina. Ni kuwa na gyara zaman gyalena.